Burodin Dala Talatin a Adjamé Liberté

Daga Ikko zuwa Abijan ta hanyar bakin teku kilomita dubu ce da 'yan kai, amma sai mutum ya taka ƙasa biyar kafin ya sauke jakarsa, kuma duk iyakar da aka tsallake, burodin da 'yan talla ke miƙowa ta tagar mota sai ya sake kama. A tashar Mile 2, inda ake hawa motocin Seme, na Agege ne ke yawo a kan tire: fari, mai laushi, mai nauyi a hannu, an ƙulle shi a leda tun da ɗuminsa har ledar ta yi raɓa. Ana wuce Seme sai a neme shi a rasa. Matan Kwatano dogon burodi siriri suke jerawa a tsaye cikin kwando, mai jan ɓawo, wanda ake kira baget, kuma shi ke raka matafiyi har Lome. Daga Lome zuwa Aflao taku kaɗan ne, don birnin a jikin iyaka yake, amma da an buga wa mutum hatimin Gana burodi ya koma mai kusurwa: ga mai sukari, ga mai bota, ga wanda suke ce wa na shayi, wanda bai kai sauran zaƙi ba. Haka za a bi ta Ankara da Elmina da Takoradi har Elubo. Ana haye gadar kogin Tano aka sauka Noé, ƙasar Kodebuwa, sai ga baget ya dawo, kuma daga nan ba shi da abokin takara.

Wanda bai karanta tarihi ba ma, in ya lura da abin da yake taunawa, zai iya faɗin ƙasar da Ingila ta mulka da wadda Faransa ta riƙe. Gana kuwa tana da tsohon baƙo wanda ya riga su duka: kalmar paano da mutanen Akan ke kiran burodi da ita daga bakin 'yan Fotugal ta fito, waɗanda suka gina ganuwar Elmina a 1482.

A duk tsawon hanyar nan ban rasa wanda zan yi wa sallama da Hausa ya amsa ba. 'Yan canjin Seme da Aflao, mahauta, masu goro, masu shayi, zangon Kwatano da na Lome, unguwar Nima a Ankara, duk namu ne. Sai dai ita ma Hausar tana sake kama yadda burodin ke yi. A Ankara wani dattijo ya ce mini, "Matana ya je kasuwa," bai ji komai ba, don Hausar Gana ta daɗe da ajiye bambancin namiji da tamace.

Motar ta sauke mu a Treichville. Mai masaukina, wani Bakatsine da ke sayar da takalma a kasuwar Adjamé, wadda mutanenmu ke kira Ajame, ya zo ya ɗauke ni. Abijan birni ne da ruwa ya yayyanka. Tafkin Ébrié ya ratsa shi, kuma Turawan Faransa, da suka mai da shi babban birni a farkon shekarun 1930, sun zaɓa wa kansu tudun da ake kira Plateau, suka bar baƙaƙen ma'aikata a gefe biyu: Treichville ta kudu, a ƙetaren ruwa, Ajame ta arewa. An mai da fadar ƙasa Yamoussoukro a 1983, amma kuɗi da jama'a ba su bi ta ba. Har yau wanda zai je Ajame daga Treichville sai ya hau gadar Houphouët-Boigny, wadda aka buɗe a 1957, ko ta De Gaulle, ya ratsa gindin dogayen benayen Plateau, sa'an nan ya faɗa cikin hayaniya.

Liberté mahaɗa ce a Ajame, ta ci sunan wani tsohon gidan sinima da ke wurin, daura da rukunin gidajen da ake kira 220 Logements. Nan ƙananan motocin haya da ake kira gbaka ke juyawa, yaran mota na reto a bakin ƙofa da hannu ɗaya suna kiran Yopougon da Abobo, motocin bas na SOTRA na kutsawa tsakaninsu, 'yan talla sun cinye rabin titi. In ka gangara sai ka faɗa babban titin Nangui Abrogoua, mai sunan wani sarkin mutanen Ébrié masu ƙasar, inda babban masallacin Ajame da kasuwar Forum suke. Mutum daga Kano ba zai ji baƙunci a cikin cunkoson ba. Abin da zai ba shi mamaki shi ne yadda Hausa ke tashi daga kowane lungu, amma rabin kalmomin sai ya saurara sau biyu.

Teburin mai shayin da muke karyawa a bakin wani layi yake, bayan mahaɗar. Mai shi mutumin Adar ne, daga wani ƙauye a jihar Tawa, kamar yawancin Hausawan da na tarar a Abijan. Adarawa sun daɗe suna zuwa nan ci-rani, abin da suke kira biɗa, uba ya zo ya koma, ɗa ya gaje shi. Tun kafin a tashi daga sallar asuba yaron gidan burodi ke kawo masa kaya a bayan babur, cikin buhun fulawar da aka juye, baget tsaye-tsaye kawunansu a waje. Na zauna na kalli yadda yake aiki. Ya zaro ɗaya, ya matsa shi da yatsa biyu kusa da kunnensa, ɓawon ya yi ƙas-ƙas, sa'an nan ya gamsu. Ya raba shi biyu da wuƙa, ya tsaga rabin ta gefe ba tare da ya ɓalle shi ba, ya shafa bota da bayan cokali, ya juye ƙwan da ya soya da albasa da tumatir a ciki, ya naɗe da takarda. Ɓurɓushin ɓawo ya watsu a tebur, ya share da gefen hannu. A kofi kuwa ya fara zuba madarar gwangwani mai kauri, ya ɗora Nescafé, ya tsiyayo ruwan zafi daga sama. Shayin Lipton na nan ga mai so, amma nan ƙasar kofi da koko ce, kuma kafe ne abin karin kumallon leburori.

"Malam, daga Kano ka hito?" in ji shi. Na ce haka ne. "Sannu da hanya. Mi za a ba ka?" Na nuna baget guda na tambayi kuɗinsa. "Dala talatin na."

Mai masaukina ya riga ya gaya mini cewa duk kuɗin da Bahaushen nan ya faɗa in ninka shi sau biyar. Dala ɗaya sefa 5 ce. Dala ashirin 100, dala talatin 150, dala ɗari 500, jika guda 1,000. Asalin abin tsohuwar azurfa ce, dalar Maria Theresa mai ɗauke da shekarar 1780, wadda ta yi yawo a kasuwannin Hausa da Barno. Da Faransawa suka kawo tsabar azurfarsu ta faran 5 sai sunan ya koma kanta, aka ci gaba da ƙirga da shi har bayan an ƙirƙiro sefa a 1945. Kuma ba Hausawa kaɗai ke wannan lissafi ba. Julanci, harshen kasuwar Ajame, shi ma da biyar-biyar yake ƙirga kuɗi, har tasi ɗin haɗin gwiwa na birnin ya samo sunansa, woro-woro, daga nan: woro shida ke nan, shida sau biyar talatin, kuɗin mota na zamanin da. An daɗe da wuce wannan farashi, sunan ya zauna. Mu ma a Kano muna da irin namu: tun da aka canja kuɗi a 1973 har yau dattawan kasuwa na cewa fam suna nufin naira 2, jaka suna nufin naira 200. Jakar Bakano da jikar Ba'adare kalma ɗaya ce, amma in suka yi ciniki da ita ba tare da bayani ba sai an kira mai raba gardama.

A bakin teburin nan na riƙa tattara kalmomi. Yaro ya makara zuwa lakwal, mushe zai buge shi. An ɗauke kuran tun dare. Wane ya faɗi da welo a kan guduro, an kai shi likita. Jandarma sun tsare kamyo a hanya, sun ce shofar ba shi da kardante. Matar gida ta aiko a sayo shu da karoti da salati a butiki. In Bakano ne zai ce makaranta, malam, wuta ko nefa, keke, kwalta, asibiti, babbar mota, direba, katin ɗan ƙasa, kabeji, karas, latas, kanti. Likitan nan ma abin lura ne: a wurinmu mutum ne, a wurinsu har da gidan da yake aiki.

Amma da na ƙara sauraro sai na ga ba kowace kalma ce ta rabu a kan iyaka ba. Mai masaukina na Katsina da wani abokinsa na Maraɗi, in suna hirar gona, ko aure, ko rasuwa, ba ka iya raba bakinsu, don Maraɗi gidan sarautar Katsina ne tun bayan jihadi, mutanen ɗaya ne. Basakkwace da Ba'adare duk "mi" suke cewa, duk "tahi", duk "ya zaka", duk "hwari". Su biyun sun fi kusa da juna fiye da yadda Basakkwace yake da Bakano, ko da yake fasfo ɗinsu daban. Tsofaffin kalmomi suna bin tsofaffin ƙasashe, Katsina da Gobir da Adar da Kabi. Waɗanda suka tsaya cak a kan layin da Turawa suka ja su ne na abubuwan da Turawan suka zo da su: mota, makarantar boko, ofis, kuɗin takarda, kayan lambun Bature. Katsina da Maraɗi ba su kai kilomita ɗari tsakani ba, gero sunansa gero a duka biyun, amma kabeji na wucewa Jibiya ya zama shu.

Wannan ne ya sa raina ke ɓaci in na ji ɗan Najeriya na yi wa Hausar Nijar dariya, wai ta gurɓata da Faransanci. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kwalta da direba da tebur da asibiti da kabeji duk aro ne, mun saba da su ne kawai har muka manta. Sa'ar da Hausar Kano ta yi ita ce ita aka rubuta. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita daga Zariya a 1939, ga littattafan makaranta, BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, sa'an nan finafinan Kano suka zo suka shiga kowane ɗaki. A Ajame na ga samarin Adar na kallon fim ɗin Hausa a waya, sun san kowace kalma ta Kano. Mu ne ba mu san tasu ba, kuma hasarar tamu ce. Yawancin kalmomin da na lissafa a sama ɗalibin Hausa a Najeriya zai iya gama digiri bai taɓa cin karo da su a aji ba, alhali miliyoyin Hausawa da su suke kwana suke tashi.

Gardamar burodi kuwa kusan kullum sai an yi ta a teburin. Akwai wani saurayi ɗan Zariya mai sayar da kayan waya a kasuwar da ake kira Black Market, shi ne ba ya gajiya. "Baba, wannan ai iska ce da ɓawo," in ji shi, yana ɗaga baget. "Ka ci guda sukutum, kafin azahar yunwa ta dawo. Ga shi yana yanka wa mutum dasashi." Mai shayi bai ɗago daga kaskonsa ba. "Yaro, naku ai ba burodi ba na, gato na. Sukari ɗai kuka ci." Gato shi ne abin da muke kira kek. Aka yi dariya, kowa ya tsaya a kan bakansa.

Na daɗe ina juya maganar, kuma ina ganin kowannensu yana auna burodin ɗan'uwansa da aikin da ba don shi aka yi shi ba. Baget na asali fulawa ce da ruwa da gishiri da yis, shi ke nan. Ba mai, ba sukari, ba madara. Ana gasa shi a tanda mai tsananin zafi da tururi, shi ya sa bayansa ke yin ɓawo cikinsa ya yi ramuka. Mai da sukari su ne ke riƙe danshi a cikin burodi, to wanda ba shi da su kwanansa bai kai wuni ba. A Abijan, inda iska ke cike da laima, ɓawon kan saki kafin rana ta take, burodin ya koma kamar roba, ka ja da haƙori ya ja ka. A Maraɗi ko Damagaram, lokacin hunturu, akasin haka ke faruwa, ya bushe ƙarau. Don haka gidajen burodin Abijan ke gasawa fiye da sau ɗaya a rana, kuma ba wanda ke sayen na gobe. Wanda ya kwana har suna gare shi a bakin 'yan birni, godio, ana karyar da shi ga mai ƙaramin ƙarfi, a jiƙa a kafe a ci. Amma a sa'o'in farko bayan fitowarsa daga wuta, ban ci burodin da ya kama ƙafarsa ba a duk hanyar da na biyo.

Namu an yi shi ne don ya jure. Ana zuba masa sukari da mai, a murza kwaɓin a inji har ya yi santsi ya matse, a gasa shi cikin gwangwani, a ƙulle a leda. Masu tarihin Ikko na danganta yaɗuwar injin murzawar ga Amos Shackleford, wani ɗan Jamaika da ya kafa gidan burodi a birnin a farkon ƙarni na 20 har aka riƙa ce masa sarkin burodi. Irin wannan burodi shi ke iya yin kwana uku a shagon ƙauye, shi ke shan shayi ya kumbura ya riƙe cikin ɗan dako har yamma, shi matafiyi ke saya a bakin hanya ya kai wa yara tsaraba. Ba wanda zai ɗauki baget daga Abijan ya kai Tawa tsaraba. Saurayin Zariya yana da gaskiya cewa namu ya fi ƙosarwa.

Inda nake tare da mai shayi shi ne batun abin da ake zubawa a ciki. Neman burodi ya tashi fiye da fulawar da aka sa, ya kuma yi laushi, shi ya kai wasu masu gidajen burodin Najeriya ga sinadarin buromet, wanda ake dangantawa da cutar ƙoda da daji. Hukumar NAFDAC ta haramta shi a farkon shekarun 2000, zamanin Dora Akunyili, amma binciken jami'o'i daban-daban ya ci gaba da samunsa a burodin kasuwa shekaru bayan haka. Ga kuma sakarin da wasu ke sawa a madadin sukari, mai barin ɗaci a bayan harshe. Mai saye a Kano ba ya sanin nauyin abin da ya biya, girman kawai yake gani. A Kodebuwa gwamnati ce ke yanka farashin baget, kuma ya daɗe a kan sefa 150. A 2022, da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɗaga kuɗin alkama, ba a taɓa 150 ɗin ba, sai aka tsayar da nauyinsa a giram 174, aka fito da wani babba mai giram 232 a kan sefa 200. Wannan ma yana da nasa aibin. In an ɗaure farashi, fulawa kuma ta hau, mai gidan burodi zai nemi mafita a cikin kwaɓin, ya ƙara yis da hodar kumburi, tsawon ya zauna yadda yake, cikin ya zama fanko. Na ci irin wannan a wani layi na Ajame, na matse rabin baget a tafin hannuna ya koma loma biyu. Iskar da saurayin ke kuka da ita ba ƙarya ba ce, sai dai ba kowane gida ke yin haka ba, kuma mai shayinmu ya san gidan da yake saye.

Ba aro kaɗai Hausawa suka yi a Abijan ba, sun kuma bayar. Irin wannan tebur na kafe da burodi da ƙwai, 'yan birni aboki suke kiransa, shi da mai shi. A Ikko kalmar kan zo da raini in an jefi ɗan Arewa da ita, a nan kuwa sunan sana'a ne, ma'aikacin banki zai ce zai tsaya wurin aboki kafin ya hau mota. Gasasshen naman da ake yayyankawa a takarda da yaji da albasa sukuya ko shukuya suke ce masa, kunnen Bahaushe kuma ba ya kasa jin suya a ciki. Sai babbansu, garba: acake, wato dambun rogo na mutanen bakin tafki, da soyayyen kifin tuna, da yankakken barkono da albasa, a yayyafa man suyan a kai. Shi ne abincin ɗalibi da lebura da direba a duk faɗin birnin. Yawancin mutane sun ce sunan na 'yan Nijar ne da suka kama sana'ar, Garba ya yi yawa a cikinsu, wasu kuma na danganta shi da Dicoh Garba, wani minista na shekarun 1970 da ya kula da harkar kifi da dabbobi. Ko ma wanne ne, mutanen da ba su da teku, ba su kuma san acake a gida ba, su ne ke tsaye a bakin kaskon. A ƙarshen 2024 UNESCO ta sa ilimin yin acake cikin jerin gadon al'adun duniya, shekara biyu bayan ta sa baget na Faransa.

Wata ranar na koma Treichville don in ga inda fulawar ke fitowa. Unguwar ta fi Ajame tsari, titunanta a miƙe, an ba su lamba maimakon suna, kuma ta ci sunan Marcel Treich-Laplène, ɗaya daga cikin Faransawan da suka ƙulla yarjejeniyoyin da suka kafa mulkin mallaka a ƙasar. Tun da aka haƙa mashigin Vridi aka haɗa tafki da teku, aka buɗe tashar jiragen ruwa a 1951, arzikin birnin ta nan yake shiga yake fita. A gefen tashar rumbunan Grands Moulins d'Abidjan suke tsaye, masana'antar niƙa da ke aiki tun 1963. Jirgi ya kawo alkama, yawanci daga Faransa, a niƙa, motoci su kwasa. Kodebuwa ba ta noma alkama, ƙasar doya ce da rogo da ayaba da shinkafa, amma talakan Abijan da alkama yake karya kumallo.

Mu ma ba mu tsira ba. Kamfanin Flour Mills ya fara niƙa a Apapa a 1962, kusan lokaci ɗaya da na Abijan, shi ma da alkamar ƙetare. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da ita a 1987, aka dage da nomanta a Kadawa da sauran filayen ban-ruwa na Arewa, abin bai ɗore ba, aka janye haramcin a 1992. An sake gwada cakuɗa garin rogo a burodi zamanin Obasanjo da na Jonathan. Har yau mafi yawan alkamar da Najeriya ke ci jirgin ruwa ke kawo ta. Saurayin Zariya da dattijon Adar suna musu a kan burodi iri biyu, amma ƙwayar da aka yi su da ita daga ƙetaren teku ɗaya take zuwa.

Abin da ke ba ni takaici shi ne mu mun san alkama tun kafin Bature. Ana nomanta a fadamun Kano da bakin tafkin Cadi da lambunan Abzin tun zamanin ayari. Ita kanta kalmar daga Larabci take, haka gurasa, wadda matan cikin birnin Kano ke liƙawa a jikin tanderu har gobe. Da na ambaci alkama da gurasa da alkaki a teburin mai shayi, ba wanda ya nemi a fassara masa, na Maraɗi da na Zariya da na Tawa duk suka gyaɗa kai. Waɗannan ta Sahara suka shigo, lokacin da ba iyaka tsakanin Katsina da Maraɗi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na bi mai shayi gidan da yake haya, irin gidajen nan na tsakar gida ɗaya da ɗakuna kewaye, maƙwabtansa Jula da Mosi da Bawule. Iyalinsa na tare da shi, abin da ba kowane ɗan biɗa ke yi ba. Ɗansa, ɗan shekara kamar tara, a Ajame aka haife shi. Ya durƙusa ya gaishe ni da Hausa, "Ina wuni, Baba," amma da na tambaye shi karatu sai ya amsa da Faransanci, da abokansa suka leƙo kuma ya juya zuwa nushi, yaren samarin Abijan da ya haɗa Faransanci da Julanci da sauran harsunan ƙasar. A bakinsu sefa 100 togo ce. Uban ya miƙa masa kuɗi ya ce ya sayo burodi na dala talatin. Yaron ya tsaya yana kallon tsabar a hannunsa, sai da uwar ta faɗa masa adadin da Faransanci daga bakin murhu sa'an nan ya ruga.

"Ka gani ko, Malam?" in ji uban. "Yana ji, amma ba ya maidawa. Bana in Allah ya kai mu, in an rufe lakwal, zan sa shi mota ya tahi gida wurin kakatai. Ya yi damana biyu can, ya san gero, bakinshi ya buɗe. In ya dawo sai ya kama mini tebur."